Kafin Mai Fenti Ya Shigo

 Yau hirarmu a kan fenti ce. Ba zaɓen kala ba, wannan kowacce ta iya. Shirin da ake yi wa ɗaki kafin a buɗe bokitin fenti nake nufi.

Kin dai san yadda gidajenmu suke. Da mai fenti ya yi sallama, ke kin koma wani sashe, sai dai ki jiyo motsi. To duk abin da kike so a kiyaye, ki zauna da maigida ku tsara shi tun kafin ranar, kafin ma ya tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya.

A fara da lokaci. Cikin Agusta bango ya sha ruwa, fenti ba ya zama. Tsakiyar hunturu kuwa ƙura ce ke manne wa ɗanyen fentin mai. Bayan ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba, ya fi. In sabon filasta ne, a ba shi kamar sati huɗu ya bushe.

Sai ki duba gindin bangon. In fenti na kumbura yana zubar da farin gari kamar kanwa, ruwa ne ke shiga, ko daga famfo, ko bayan banɗaki, ko indararo. A toshe wannan tukuna, in ba haka ba asarar kuɗi ce kawai. Kayan jere, labule da katifa duk a fitar. Kabet da gado a ja su tsakiyar ɗaki a rufe da leda. A kakkaɓe yana, a wanke maiƙo da baƙin hayaƙi da ruwan sabulu.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni kunnenki sosai, musamman mazauna tsofaffin gidaje irin na nan Nassarawa GRA, waɗanda wasunsu tun zamanin Turawa suke. Ƙofofi da tagoginsu fentin mai ne a kan fentin mai, shekara da shekaru. An daɗe ana zuba dalma cikin irin wannan fenti don ya yi saurin bushewa, kalarsa ta fito. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma an ci gaba da sayar da shi a ƙasashe irin namu. Ido kuma ba ya gane shi.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinariya ne da ake niƙawa a cikin gida, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki.

Don haka ki roƙi maigida ya ja wa mai fenti kunne. Inda tsohon fenti bai tashi ba, kada a kankare, a wanke a shafa sabo a kai. Inda ya tashi, a jiƙa shi kafin a kankare. Ban da goga busasshen sanfefa, ban da ƙona shi da wuta. A rufe ƙofar, yara da mai juna biyu su yi nesa har a gama. Sabon fentin ma a nemi wanda aka rubuta babu dalma a jikinsa.

In an tashi aiki, ajiye tsintsiya, don ita ce ke tayar da ƙurar. Da jiƙaƙƙen tsumma za a goge ƙasa da bakin taga, sau biyu, a ƙulle tsumman da ɓawon fentin a leda a zubar. Kuma don Allah ban da miƙa wa yarinyar aiki ko almajirin gida wannan shara, su ma yara ne.

Bokitin da ya rage fa? Na san yana da kyau, ga murfi. A zuba masa shara ko gawayi, amma kada ruwan sha, kunu ko gari su shiga cikinsa.