Babban Fanni da Ƙaramin Fanni a Karatun Jami'a

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai muddin ya shafi ilimi. Ban sha wahalar zaɓe ba, saboda wani abu da ya faru a zaurena a hutun sallar da ta wuce. Wani ɗan'uwa, wanda ɗansa ya bi ta hannuna a firamare, ya zo mini baki har kunne, wai yaronsa da ke karatu a Amurka zai dawo da digiri biyu, ɗaya a ilimin kwamfuta ɗaya a harkar kasuwanci, kuma duk cikin shekara huɗu. Na taya shi murna, sannan na roƙe shi ya nuna mini takardar da yaron ya turo ta waya. Da na duba sai na ga digiri ɗaya ne. Kwamfuta ce babban fanninsa, kasuwanci kuwa ƙaramin fanni ne da ya haɗa da shi. Yaron bai yi ƙarya ba, uban ne bai san tsarin ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba wanda ya taɓa zama ya yi mana bayani. Mutumin nan ya tashi jikinsa a sanyaye, alhali abin da ɗansa ya yi abin yabo ne.

Kowa a ɗakin nan ɗan manomi ne, ko da yanzu a kan kujerar ofis yake wuni, don haka bari mu fara daga gona. Manomi yakan shuka gero, idan ya tasa sai ya bi tsakani ya sa wake. Ba ya sayen sabuwar gona domin waken, kuma in an tambaye shi gonar mece ce wannan, cewa zai yi ta gero ce. Amma da kaka zai shigar da abu biyu gida. To, babban fanni, wanda Amurkawa ke kira mejo, shi ne geron. Ƙaramin fanni, wato maino a bakinsu, shi ne waken.

Ga yadda lissafin yake a yawancin jami'o'in Amurka. Digirin farko shekara huɗu ne, zangon karatu takwas, kuma ana bukatar ɗalibi ya tara kiredit kamar 120 kafin a yaye shi. Kwas ɗaya galibi kiredit 3 ne, wato kimanin awa uku a aji kowane mako. Ka ga kwas arba'in ke nan. A fannoni irin su tarihi ko tattalin arziki, babban fanni yakan ci kwas goma zuwa goma sha biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na karatun kuma yana tafiya ne ga darussan gama-gari da aka wajabta wa kowa: rubutu, lissafi, ɗan abin kimiyya, ɗan abin zamantakewa. Abin da ya rage gurbi ne da aka bar wa ɗalibi ya cike da abin da ransa ke so. Wani yakan tsinci kwas nan, ya tsinci wani can, ya gama bai riƙe komai ba. Wani kuwa yakan tattara guraben nan ya zuba su wuri ɗaya, kwas biyar zuwa bakwai, yawanci kiredit 18, bisa jerin da wancan sashe ya tsara. Wannan shi ne ƙaramin fanni. Shi ya sa idan an tsara shi da wuri ba ya ƙara shekara, sau da yawa kuma ba ya ƙara kuɗin makaranta, domin a cikin gonar da aka riga aka biya aka shuka shi.

Tsarin yana da asali. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869 zuwa 1909, shi ya sakar wa ɗalibai mara su zaɓi darussan da suka ga dama. Abin da kowane malami a nan zai yi tsammani shi ya faru: yara da yawa suka bi masu sauƙi. Magajinsa, Lawrence Lowell, ya ɗaure abin, ya wajabta wa kowane ɗalibi ya zurfafa a fanni guda, sannan ya ɗanɗana wasu. Yaro dai yaro ne, ko a Harvard ko a ajinmu na shida.

Ƙaramin fanni yana da ƙa'idojinsa, ba shiga aji kawai ake yi ba. Ɗalibi yakan sanar da makaranta a rubuce ta hannun malamin da ke ba shi shawara. Akan bukaci wasu daga cikin kwasa-kwasan su zama na manyan azuzuwa, akan sa mafi ƙarancin makin da za a karɓa, kuma jami'o'i da dama sun taƙaita yawan kwas ɗin da za a ƙirga sau biyu, a babban fanni da ƙarami. Wani abin da ke rikita iyaye shi ne, a makarantu da yawa sunan ƙaramin fanni ba ya fitowa a kan takardar digirin da ake ratayewa a bango. Yana cikin takardar sakamako ta dalla-dalla, wadda ke nuna kowane kwas da makinsa. Duk wanda ɗansa ke waje, wannan takarda ya kamata ya riƙa nema ya gani, ba hoton yaro cikin dusar ƙanƙara ba.

A Ingila salon ya bambanta. Digiri shekara uku ne, kuma tun daga ranar farko fanni ɗaya ake bi. Inda aka haɗa biyu, sunan digirin ne ke faɗa maka. Idan an haɗa su da kalmar da ke nufin "da", rabi da rabi ne. Idan kuwa da kalmar da ke nufin "tare da" ne, na biyun ƙarami ne.

Yanzu mu dawo gida, inda mafi yawan 'ya'yanmu suke. Mu da muka yi kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, komai aka koya mana, domin malamin firamare shi ne na lissafi, shi ne na Turanci, shi ne na aikin gona. Sai da na je neman takardar NCE na gamu da karatun fanni biyu. A kwalejojin ilimi har gobe haka ake yi: darussan koyarwa, da fannoni biyu kamar Hausa da Turanci, ko Lissafi da Fiziks, sai 'yan kaɗan irin su aikin gona da ake ɗauka su kaɗai a madadin biyu. Ni lissafi na je nema, aka haɗa mini da labarin ƙasa ba da son raina ba, har na yi mako biyu ina zarya ofis a canza mini. Ba a canza ba. Shekaru bayan haka, da rikicin iyakar filin makarantar da nake shugabanta ya taso, karanta taswirar da na koya ina gunaguni ita ta fisshe mu.

A jami'o'inmu kuwa, yaro tun wajen cike fom ɗin JAMB yake zaɓen fanninsa, yana ɗan shekara goma sha bakwai, kuma sashen da ya ɗauke shi shi ke tsara masa kusan duk abin da zai karanta. Ƙaramin fanni mai suna da rajista irin na Amurka bai yawaita ba, sai a makarantu irin Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda ta ɗauko tsarin can. Amma ƙofar ba a rufe take ba. Akwai digirin koyarwa da ke haɗa ilimin tarbiyya da wani fanni, akwai kuma kwasa-kwasan zaɓi da ake ɗaukowa daga wasu sassa. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda yaranmu ke zaɓen kwasa-kwasan zaɓi. Tambayarsu ɗaya ce: wane malami ne ba ya kayarwa? Da ɗalibin aikin gona zai tara nasa a wajen lissafin kuɗi, ko ɗalibar nazarin zamantakewa ta tara nata a ƙididdiga, da sun fito da ƙaramin fanni ko da ba a rubuta shi da wannan suna ba.

Akwai iyaka, kuma dole in faɗe ta. Kwas shida a lissafin kuɗi ba ya mai da mutum akanta, sai ya ci jarrabawar ƙungiyar ƙwararru irin ICAN. Kwas shida a shari'a ba ya kai kowa gaban alƙali da baƙar riga. Sannan ɗalibin likitanci ko injiniya, wanda darussansa suka cika masa mako, bai cika samun gurbi ba, kuma kada a matsa masa. Taura biyu ba ta taunuwa. Na san yarinya mai ƙoƙari da ta jibga wa kanta kaya don burge gida, makinta na babban fanni ya faɗi, ta rasa tallafin da take karatu da shi. Mai ɗaukar aiki babban fanni da darajar digiri yake fara dubawa. Idan wake ya fara shaƙe gero, waken ake ragewa.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne wajen raba gardama tsakanin uba da ɗa. Sau nawa aka kawo mini ƙarar yaro yana son tarihi ko Larabci ko Hausa, uba kuwa ya kafe sai abin da zai kawo albashi? Uban yana da gaskiya, shi ke biya, kuma ya san halin da ƙasa ke ciki. Yaron ma yana da tasa, domin abin da zuciya ba ta so da wuya a yi fice a cikinsa. A inda tsari ya ba da dama, sai ɗaya ya zama babba ɗaya ƙarami. Kuma kada a raina Hausar nan. Ma'aikacin lafiya ko masanin kwamfuta da ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida yana da abin da gidajen rediyo da masu aikin fassara ke nema.

Ina da roƙo ga kwamitin ilimi. A fom ɗin tallafin karatu da muke raba wa ɗalibanmu, a ƙara layi guda da ke tambayar fanni na biyu ko kwasa-kwasan zaɓin da yaro ya ɗauka, da dalilinsa. Sannan ɗalibanmu na jami'a da ke zuwa hutu su ba mu yini ɗaya su zauna da 'yan ajin ƙarshe na sakandare kafin a fara sayar da fom ɗin JAMB. Ni da abokan aikina biyu da muka yi ritaya mun ɗauki nauyin samo aji da shirya kujeru, idan Shugaba ya sa mana rana.