Wa Ke Kashe Wutar Da Ke Zuciyar Ɗan Kwana-kwana?

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, jami'in kwana-kwana mai ritaya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Da aka ce in yi magana a kan aikina, na san wasunku na jiran labarin jiniya da tsani da mesar ruwa. To, ku yi haƙuri, yau abin da muke komawa gida da shi bayan wuta ta mutu shi zan faɗa muku.

Ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2002, jirgin sama ya faɗo a unguwar Gwammaja a Kano jim kaɗan bayan tashinsa, mutane fiye da 100 suka rasu. Ina cikin waɗanda suka yi aikin tono a wannan rana. Ko ƙwarzane ban samu ba. Amma na yi watanni ba na iya cin tsire, don ƙaurinsa kawai sai ya mai da ni can. Barci ya ƙaurace mini, na riƙa yi wa yara tsawa ba dalili. Maiɗakina ce ta fara cewa, "Malam, ba kai ne wanda na sani ba." Na ce gajiya ce.

Ashe ciwo ne mai suna. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sa ciwon firgicin bayan masifa cikin jerin cututtuka. A 1995 wani masani, Charles Figley, ya fitar da littafi a kan yadda wannan firgici ke naso zuwa ga mai taimako: ɗan kwana-kwana, direban motar asibiti, nas, jami'in kiyaye haɗurra, har ma matar da ke sauraron labarin a gida. Mutum na ɗaukar gawa yau, gobe ya rarrashi uwar da ta rasa 'ya'yanta, abin yana taruwa kamar toka a murhu.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: munanan mafarkai, rashin barci, saurin fushi, zabura da jin ƙara kaɗan, gudun wurin da abin ya faru, da bushewar zuciya har mutum ya daina jin tausayi. Wasu sukan fake da ƙwaya don su samu barci, su ƙara wa kansu wata cutar. In alamun suka wuce wata guda, lokacin ganin likita ya yi.

Abin da ke hana mu magana shi ne kunya. An raine mu a kan cewa namiji ba ya kuka, kuma ba wanda ke son a ce ya taɓu. Ni ma sai da abokin zamana a aji, wanda yake zaune a nan yanzu, ya ja ni zuwa wurin likita. Addu'a ta riƙe ni, magani da tattaunawa suka taimaka, kuma ɗaya bai hana ɗaya ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Ku tuna da matasan da suka kwashe gawawwaki a Majiya ta Jihar Jigawa bayan fashewar tankar mai a Oktoban 2024. Wa ya koma ya tambaye su yadda suke kwana?

Roƙona biyu ne. Na farko, likitocin da ke cikinmu su ware rana guda duk wata uku su zauna da ma'aikatan agaji na garin nan kyauta. Na biyu, duk mai ɗan'uwa a wannan aiki ya riƙa ziyartarsa, ya saurare shi ba tare da ce masa "ai kai namiji ne" ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, Ya tsare mu daga gobarar duniya da ta lahira.