Kada a Zubar da Dakashi

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya shimfiɗa a jikin 'ya mace, tun daga balaga har zuwa ɗaukewar haila, babu mai ban al'ajabi irin ta sa'ar haihuwa, domin da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka riƙe ciki wata tara sukan ja da baya, waɗansu kuma su kama aikin kawo nono. Tsotson jinjiri shi ke motsa su, shi ne kuma ke sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, abin da mai jego kan ji kamar murɗar mara.

Amma har yau akwai gidajen da ake matse dakashi, nonon farko mai kauri da rawaya, a zubar, wai ƙazanta ne, a ɗura wa jinjiri ruwa ko madarar akuya, alhali kuwa waɗannan 'yan ɗigo su ne garkuwarsa ta farko daga gudawa da cututtukan ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa shi ga nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla wata 6. Iyayenmu kakanni da ungozomai, don Allah ku bar masa rabonsa.