Gurasa Biyar da Kifi Biyu: Jawabi ga Malaman Makarantar Lahadi

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa, amma yaro mai shekara shida bai iya karatu ba tukuna. Abin da hannunsa ya taɓa, shi yake riƙewa. Domin wannan zan nuna muku yadda za ku koya wa yara labarin ciyar da mutum 5,000. Ku karanta Yohanna sura 6 kafin Lahadi.

Kayan aikin ba sai an saya ba. Ku ɗebo yumɓu a bakin tabki, ku samo kaba. Kowane yaro shi mulmula gurasa biyar da kifi biyu, shi shanya a rana. Ku gaya musu gurasar ta sha'ir ce, abincin talakawa, kuma yaro kamarsu ne ya zo da ita. Manyan yara su saƙa ƙananan kwanduna 12. Tsofaffin matan ekklesiya sun fi mu gwaninta a saƙa, sai ku roƙe su, gama za su yi murna. Sa'an nan a jera tsakuwa 50 a ƙasa, kowace ɗaya mutum 100 ke nan, a ajiye gurasar yaro ɗaya a gabansu. Ku tambaye su, "Za ta isa?" Ku bar su su yi dariya. Andarawus ma bai ga yadda za ta isa ba.

Amma ku yi hankali. Wani yaro zai ce Yesu mai dabo ne, irin na kasuwa. Mai dabo ido yake ruɗi, ciki yana nan da yunwarsa. Waɗannan kuwa sun ci sun ƙoshi, har aka tara ragowa. Ku sa yara su ƙirga kwandunan da yatsa. Mai dabo suna yake nema, amma da taron suka so naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji, sai ya tafi kan dutse shi kaɗai.

Akwai tambaya mai wuya kuma. Cikin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, wani zai ce, "Malam, don me Yesu bai ƙara mana gero ba?" Kada ku tsauta masa, kada kuma ku yi masa alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Ku nuna masa washegari Yesu ya bayyana wa taron cewa shi kansa ne abinci mai ba da rai. Ku tuna kuma, cikin Markus sura 6, almajiransa ya umarta su ba mutane abinci. Saboda haka wajibi ne malami shi san yaron da ya zo bai karya kumallo ba, a dama masa kunu.

Yara su tafi gida da gurasarsu ta yumɓu, su ba iyayensu labarin. Inda maigida ba mai bi ba ne, malami shi fara zuwa shi gaishe shi, shi nemi izninsa.