Tsohon Soja da Neman Aiki: Tirela ko Gidan Waya?
Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron wata

 

Shugabanni sun umarce ni in yi bayani a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka ajiye kaki suka dawo unguwa, musamman waɗanda suka yi tuƙi a sashen sufuri na soja. Yawancinsu abu biyu suke hange: su hau tirela ko tankar mai, ko kuma su nemi aiki a gidan waya. Magana ɗaya na zo da ita, ita ce kada yawan kuɗin da aka ambata maka da baki ya ruɗe ka. Ka dubi abin da aka yarda a rubuta maka a takarda. Mu da muke zaune nesa da gida, in rigima ta taso, bayan Allah takarda ce gatanmu.

Kwanakin baya wani ɗan uwanmu, tsohon kofur, ya same ni da kuka. Wani mai motoci ya ɗauke shi da alkawarin kuɗi mai tsoka a kowace tafiya, babu ko layi ɗaya a rubuce. Ya yi wata huɗu yana jigila tsakanin Legas da Kano. Da ya nemi haƙƙinsa sai aka fito masa da lissafi: man gas ya yi giɓi, taya biyu sun fashe, ya kwana takwas a layi bai yi lodi ba, duk an ɗora a kansa. Muka je da dattawa, mai motocin ya ce mu nuna inda ya sa hannu. Haka muka dawo. Shi ya sa na ce gara mu yi wannan magana kafin wani ya sake faɗawa, domin rigakafi ya fi magani.

Na farko, ga mai son hawa mota. Takardar tuƙin da aka ba ka a bariki ta bariki ce. A waje sai ka mallaki lasin farar hula, kuma na tirela aji ne na daban, wanda ake kira ajin G. Ka bi ta ofishin da ya dace a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, kada ka ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo maka na jabu. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana iya gane na jabu a kan hanya.

Na biyu, Dokar Ƙwadago ta ƙasa, sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da fara aiki. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. To, tun kafin ka karɓi makulli ka yi waɗannan tambayoyi: albashin wata ne ko kuɗin tafiya? Nawa ne kuɗin hanya, kuma in mota ta kwana a layin Apapa wa zai ciyar da kai da yaron mota? In mai ya yi giɓi ko kaya suka lalace, ta yaya ake lissafi? Mota tana da inshora? In birki ya lalace ka ƙi tashi, za a kore ka? Tambayar farko tana da muhimmanci, domin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi wanda ake biya bisa kamasho ko yawan aikin da ya yi ba, haka kuma bai shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Na uku, ka tambayi batun diyya da fansho. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kuɗi a asusun NSITF, domin in ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko iyalinsa, kuma ba daga albashinka za a cire ba. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, kai kuma ka zuba kashi 8, a asusu mai sunanka. Kamfanin da ya cika waɗannan, ko da kuɗinsa bai kai na wani ba, ya fi maka. Kuma ka je inda direbobinsa suke hutawa, kamar Ogere, ka zauna wurin mai shayi ka tambaye su. Abin da manaja ya ɓoye, direba zai faɗa maka.

Yanzu sai gidan waya. Hukumar NIPOST, wadda aka raba ta da sashen tarho a 1985, ta Gwamnatin Tarayya ce. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 wasiƙu suka ragu ƙwarai, aikin ya fi karkata ga kai ƙunshin kaya da takardun ofisoshi. Albashin bai kai abin da direban tanka yake samu a wata mai kyau ba, amma ga fansho, ga hutu, kuma galibi kana kwana tare da iyalinka. Sai dai ba kullum ake ɗauka ba, ana iya yi maka canji zuwa kowace jiha, kuma ana yin ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki. Saboda haka ka karanta sharaɗin shekaru a sanarwa da kyau.

A nan ne matsalarmu ta zaman baƙunci take fitowa. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce a raba ayyukan tarayya tsakanin jihohi, don haka za a nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali. Da yawa cikin yaranmu a nan aka haife su, a nan ba a ba su, a can gida kuma babu wanda ya san su. Gaskiya ne sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali, kuma ba za mu daina faɗar haka ba. Amma kafin a gyara, ka je garin mahaifinka tun yanzu, mai unguwa da dagaci su shaide ka, ka karɓo takardarka ka ajiye. Kada ka jira sai an fitar da sanarwa. Kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, macuci ne.

Shawarata a taƙaice: mai sauran ƙarfi da iyalinsa za su iya jure rashinsa, ya nemi kamfani mai rajista da takarda. Wanda ya dawo da ciwon baya ko raunin ido, ko yaransa ƙanana ne, ya fi dacewa da gidan waya ko kamfanonin kai saƙo, ko ya riƙe sana'ar da ya koyo a cibiyar horar da sojoji masu barin aiki da ke Oshodi.

Daga ƙarshe, kada ka ba kowa asalin takardar sallamarka ta soja, ka ba da kwafi. Kada dattijo ya tsaya wa mutum lamuni a takardar da ba a karanta masa ba. Ni ma da girmana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, don haka babu kunya ka kawo takarda mu karanta tare kafin ka dangwala. In an zalunce ka, akwai ƙungiyar direbobi, akwai ofishin ƙwadago, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma duk za su fara da tambayar ina takardarka.

Allah ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, ya tsare matafiyanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.