Hausar wa ce daidai? Lacca a kan gardamar nahawu da karin harshe

 

Batun wannan zama shi ne wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu rubuta Hausa. Ɗan Tawa zai rubuta "jiya munka tahi kasuwa", sai wani ya taso masa ya ce wannan ba Hausa ba ce, "muka tafi" ake cewa. Ɗan Tawa ya harzuƙa, ya ce da haka kakanninsa suke magana tun ba a san boko ba. Wani kuma ya ji ɗan Damagaram ya ce "lakwal" ya yi masa dariya, alhali bai daɗe da cewa "ofis" da bakinsa ba. A da ana iya ɗaukar wannan a matsayin hirar dandali. Amma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To, harshen da ake sa ran ya shiga takardar doka, da littafin ƴan makaranta, da yarjejeniyar ciniki, dole a san wace irin Hausa za a rubuta, kuma wa yake da ikon cewa wani ya yi kuskure.

Abin da yake rura wutar gardamar shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba, wato karin harshe, da kalmomin aro, da ƙa'idar rubutu. Kowanne da hukuncinsa.

Na farko, karin harshe. Hausar da ake kira daidaitacciya an gina ta ne a kan karin Kano, kuma dalilin haka yana cikin tarihi. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso ta a 1911, ga ta kuma babbar kasuwar ƙasar Hausa tun kafin zuwansu. A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, a 1955 kuma aka kafa Hukumar Hausa a Arewacin Najeriya. Da littattafan makaranta da jarida da rediyo wannan kari ya bazu har ya zama ma'auni. Ciniki da mulki da injin ɗab'i ne suka ɗaga shi. Babu wani masani da ya auna karuruwan Hausa ya tarar na Kano ya fi sauran tsarki.

Hasali ma masana harshe sun nuna cewa karin yamma, wato na Sakkwato da Gobir da Adar da Arewa da Kurfai, ya riƙe tsofaffin siffofi da karin gabas ya sauƙaƙa. "Munka" da "sunka" da "anka" suna cike cikin waƙoƙin ajami na malaman ƙarni na 19, da bakin manyan makaɗan fada irin su Narambaɗa. Mai cewa "wanga" da "shina" da "biyat" yana bin nahawu mai tsari, ba ya kauce masa, yaron Konni ma ya san inda "munka" take shiga da inda ba ta shiga. Haka mutumin Zazzau ko Bauci da ba ya cika bambanta "ne" da "ce", da mazaunin zango a Gana, kowa da tsarin da ya tashi a cikinsa. Bargery da ya wallafa babban ƙamusunsa a 1934 bai zubar da kalmomin Katsina da Sakkwato da Gobir ba, ya shigar da su ya nuna inda ake faɗarsu. Saboda haka wanda ya kira karin ɗan'uwansa kuskure, iyakar saninsa ya nuna.

Na biyu, kalmomin aro. Bahaushen Nijar yana cewa lakwal, da biro, da duwan, da jandarma, domin Faransa ce ta mulke shi. Na Najeriya yana cewa ofis, da kotu, da kwastan, domin Ingila ce ta mulke shi. Duka biyun aro ne, kuma aron bai fara da Turawa ba. Littafi da alƙali da lissafi daga Larabci suka zo, ayari da raƙumi daga Buzaye, agogo daga Yarabawa. Babu wanda yake jin su baƙi a yau.

Inda hankali ya kamata ya koma shi ne kalmar da take da ma'ana biyu a ɓangarori biyu na iyaka, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin haɗarinta. A Maraɗi dala tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1000, wato dala 200. A Kano jaka naira 200 ce, dala kuma a yau kuɗin Amurka take nufi ga yawancin mutane. Wanda ya rubuta "jaka goma" a takardar ciniki tsakanin Maraɗi da Katsina bai ambaci irin kuɗin ba, ya buɗe ƙofar shari'a. Maganin wannan shi ne a rubuta adadi da lamba, a kuma ambaci sunan kuɗin.

Na uku, ƙa'idar rubutu, kuma a nan ne masu gyara suke da gaskiya. Rubutu yarjejeniya ce, in kowa ya bi son ransa karatu ya ɓaci. "Ba shi jaka goma" umurni ne, "bashi jaka goma" kuwa da'awa ce, abin da ya raba su ɗan fili ne tsakanin kalmomi biyu. Haka "sai da" da "saida", haka "ta fi" da "tafi". Baƙaƙe masu lanƙwasa su ma ba ado ba ne: "kafa" daban, "ƙafa" daban, "baki" daban, "baƙi" daban, "bari" daban, "ɓari" daban. Ga kuma cutar da ta fi damun ma'aikatan Nijar, wato rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, inda Tawa ta zama "Tahoua", Madawa ta zama "Madaoua", Hausa kanta ta zama "Haoussa". Sunayen garuruwa sun riga sun zauna haka a takardun gwamnati, amma wanda ya rubuta jimla guda ta Hausa da "ou" da "tch" da "dj" ya hana ɗan yaƙi da jahilci da ɗan Kano karanta ta baki ɗaya.

Ba a rasa ƙa'ida ba. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, bayan haka aka yi shekaru a Nijar ana ninka wasali mai tsawo, abin da Najeriya ba ta yi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Janairu na 1980 masanan ƙasashen biyu suka zauna a Yamai domin daidaita rubutunsu, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsaida baƙaƙen Hausa. Bambancin da ya fi fitowa a ido yanzu ƙarami ne, Nijar tana rubuta "ƴa", Najeriya tana rubuta "'ya". Abin da ya yi ƙaranci shi ne koyarwa, domin yawancin ma'aikatan da suka yi shekara da shekaru suna koyon nahawun Faransanci ba su taɓa zama aji ko na mako ɗaya a kan rubutun Hausa ba.

Abin da ya dace ke nan a fili. Takardar hukuma, da littafin makaranta, da yarjejeniyar ciniki, a rubuta su da daidaitacciyar Hausa, domin mai karatu a Gaya da mai karatu a Difa su fahimci abu ɗaya. Waƙa da tatsuniya da wasan kwaikwayo da hirar rediyo, a bar kowa da karinsa, masu ƙamus kuma su bi ƙauyukan Adar da Gobir da Damagaram su tattara kalmomin tsofaffi tun suna da rai. Gwamnati ta horar da magatakarda da masu fassara a kotuna da asibitoci, ta kuma tuna cewa masu Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da sauran harsunan ƙasa suna da haƙƙi irin wannan. Mai gyara kuwa, kafin ya ɗaga alƙalami, ya tambayi kansa ko abin da ya gani ya ɓata ma'ana, ko kuwa kunnensa ne kawai bai saba da shi ba. In ya ɓata ma'ana, ya gyara cikin ladabi, ya faɗi dalili, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a yakan ajiye alƙalami ne ya koma Faransanci.