Ƙuri'ar da Ba Ta Haifi Kujera Ba



Maganar da ta tara mu yau ita ce hanyar zaɓen 'yan majalisa. Wadda muka gada daga Ingila ita ce a yanka ƙasa mazaɓa-mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓarsa ya ɗauke kujera, ko da ƙuri'a ɗaya tak ya ɗara abokin takararsa. Ɗaya hanyar kuwa, a ba kowace jam'iyya kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu.

Mu duba zaɓen tarayya na 1959. Jam'iyyar NPC ta sami ƙuri'a kusan miliyan 2, ta tashi da kujeru 134. NEPU ta Malam Aminu Kano ta sami fiye da 500,000, amma kujeru 8 kaɗai ta ci. Ashe ke nan NPC ta sami kujera a kan kowace ƙuri'a 14,000 ko kusa da haka, NEPU kuwa sai da ta tara fiye da 60,000. Talakan da ya jure tsangwama ya zaɓi NEPU a mazaɓar da aka kayar da ita, ƙuri'arsa ta bi ruwa. Wannan ba adalci ba ne.

To, amma kada mu yi gaggawa. Yau mutumin Samaru ya san wanda ke wakiltar Sabon Gari a Majalisar Wakilai, in ruwa ya yanke ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Afirka ta Kudu kuwa, inda ake raba kujeru bisa kaso tun 1994, jam'iyya ce ke jera sunayen 'yan takararta. Wakilin da uban jam'iyya ya rubuta sunansa, wa zai ji wa tsoro, talaka ko maigidansa? Ga kuma Isra'ila, inda yawan jam'iyyu ya jawo zaɓe 5 tsakanin 2019 da 2022.

Shawarata ita ce mu ɗauki darasi daga Jamus: kowa ya jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ga mutumin mazaɓarsa, ɗaya ga jam'iyya, sa'an nan a daidaita kujeru bisa ta biyun. Hakan ba zai yiwu ba sai an gyara Tsarin Mulkin 1999, kuma waɗanda tsohuwar hanya ta ɗora bisa kujera ba za su fara neman gyaran ba. Mu ne za mu fara.